Da maki 641 na karɓi rancen motar hannu a Houston

Wanda bai taɓa zama a Houston ba zai ɗauka mota kayan jin daɗi ce. A garin nan mota ƙafa ce. Ina zaune da iyalina a unguwar Alief, ina aiki a wani katafaren sito da ke can gefen Katy, kuma ƙarfe shida na safe ake so mutum ya buga kati. A watan Disambar 2023 giyar tsohuwar motata ta tashi daga aiki, makanike ya duba ya ce gyaran ya fi kuɗin motar. Sati shida na yi ina bin wani abokin aikina ɗan Ghana ina zuba masa mai, ranar da ba ya aiki kuma in kira Uber, zuwa da dawowa su cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da na samu a ranar. Ga maiɗakina da yara biyu, ko cefane sai an jira wani ya sami sarari. Wannan ne ya kai ni neman rance, kuma da yake na yi ta lalube cikin duhu kafin in gane hanya, na ga gara in rubuta yadda aka yi daki-daki, ko wani ɗan'uwa zai huta da wahalar da na sha.

Kuskurena na farko shi ne na fara da filin dillalan motoci. Wata Asabar a ƙarshen Janairun 2024 na je wani fili a bakin babbar hanya, na ga wata mota ta kwanta mini a rai. Tun kafin in tambayi kuɗinta, mai sayarwar ya riga ni da tambaya: nawa zan iya biya a wata? Na ce kamar dala 350 zuwa 380. Ya miƙo mini fom, na rubuta lambar soshiyal ɗina, wato lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum don aiki da haraji, na sa hannu ba tare da na karanta ba. Na tafi wurin ne da ƙarfin gwiwa, domin manhajar kyauta da ke wayata tana nuna mini makin kiredit 672, wato makin da masu ba da rance ke dubawa su auna yadda mutum ke biyan bashi. Aka bar ni zaune kusan awa biyu, sannan wani mutum ya fito daga ofishin ciki ya ce an dace, an amince mini, dala 376 a wata. Da na matsa da tambaya sai sauran maganar ta fito: wata 72 ne, kuɗin ruwa kashi 21.9 cikin ɗari, jimillar rancen dala 15,000 bayan sun cusa garanti da wasu ƙananan abubuwa da ban nema ba. Ya kuma ce makin da suka gani 604 ne, ba 672 ba. Na ciro waya na buga 376 sau 72, na ga 27,072. Wato dala dubu goma sha biyu da ɗoriya na ruwa kawai, a kan motar da kafin in gama biya ta tsufa. Gumi ya karyo mini duk da sanyin Janairu. Na ce zan yi shawara da iyalina. Suka ce tayin na yau ne kaɗai. Na karɓi lasisina na fita.

Da dare na kira wani dattijo ɗan garinmu da ya shekara sama da ashirin a Amurka, wanda duk muke kira Kawu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ka shiga kasuwa ba ka san abin da ke aljihunka ba. Ba a fara neman mota, kuɗin motar ake fara nema." Shi ya fara ambata mini kiredit yuniyon. Yadda ya fassara mini shi, kusan ɗan'uwan adashe ne da aka yi wa rajista da doka: masu ajiya su ne masu wurin, ba wasu masu hannun jari ake tara wa riba ba, shi ya sa galibi kuɗin ruwansu ya fi na dillalai sauƙi, kuma sun fi tsayawa su dubi mutum maimakon su dubi lamba kaɗai. Daga baya na tabbatar da wasu abubuwa da kaina. Hukumar tarayya mai suna NCUA ce ke kula da masu rajistar tarayya, kuma a mafi yawan yuniyon ita ce ke lamunce ajiyar kowane mamba har dala 250,000. Waɗanda ke da rajistar tarayya ba a yarda su wuce kashi 18 cikin ɗari a yawancin rance ba, kuma doka ta hana su cin tarar wanda ya biya bashinsa kafin lokaci. Wannan na ƙarshen shi ya fi jan hankalina.

Dole in faɗi abin da ya fi damuna a rai, domin na san zai damu mai karatu. Ruwa ruwa ne, ko na banki ko na yuniyon, sauya suna ba ya sauya shi. Na kwana da yawa ina juyi a kan maganar. Na nemi rancen ’yan'uwa, kowa da nasa nauyin. Na lissafa in sayi wata tsohuwa kuɗi hannu da abin da nake da shi, amma irinta ce ta zubar da ni a hanya, kuma aikina ba ya jure makara. Na zauna da wani malami a masallacinmu na gaya masa halin da nake ciki, ya yi mini nasiha, bai sassauta mini hukuncin riba ba, ni ma ban je don ya sassauta ba. Ba fatawa nake bayarwa a nan ba. Wanda Allah ya hore wa hanyar sayen mota ba tare da ruwa ba, wallahi ya bi ta. Ni dai da na yanke shawara, na ƙudurta cewa zan ci mafi ƙarancin bashi, a mafi gajeren lokaci, in kuma fita daga cikinsa da wuri iyakar ƙarfina.

Matakin farko na gaskiya shi ne duba rahoton kiredit ɗina. Kamfanoni uku ne ke ajiye tarihin bashin mutum a ƙasar nan, Equifax da Experian da TransUnion, kuma ana samun rahoton kowannensu kyauta a shafin AnnualCreditReport.com. Na sauke duka ukun na buga a takarda, muka baje su a kan tabarmar falo ni da maiɗakina bayan yara sun yi barci. A nan na ga abin da ke jan makina ƙasa. Katin bashina mai iyakar dala 1,000 akwai bashin 780 a kansa. Akwai makarar biya ta kwana talatin tun 2022, lokacin da na tafi gida rasuwar mahaifina na manta da katin gaba ɗaya; irin wannan tabon shekara bakwai yake yi a rahoto. Akwai kuma bashin dala 164 na wani kamfanin intanet da aka miƙa wa masu karɓar bashi, wai ban mayar da na'urarsu ba da muka tashi daga tsohon gida, alhali na mayar. Sannan ga sunana an rubuta shi kala uku, kamar yadda yake faruwa da yawancinmu da fasfo ya rubuta suna daban, katin soshiyal ya rubuta daban. Na kuma ga sunayen masu ba da rance guda bakwai da dillalin nan ya aika wa takardata a rana ɗaya. Hankalina ya tashi, amma da na bincika na gane cewa binciken rancen mota da aka yi kusa da juna ana lissafa shi a matsayin guda ɗaya wajen fitar da maki, cikin kwana 14 a tsofaffin tsare-tsaren FICO, kamfanin da ke fitar da makin kiredit, kwana 45 a sababbi.

A lokacin ne kuma na fahimci dalilin bambancin 672 da 604. Mutum ba maki ɗaya gare shi ba. Manhajar wayata wani ma'auni daban mai suna VantageScore take nunawa, masu ba da rance kuwa yawanci FICO suke dubawa, shi ma kala-kala ne, har akwai na musamman don rancen mota. A ma'aunin FICO da aka fi sani, wanda ke tafiya daga 300 zuwa 850, daga 580 zuwa 669 shi ne matsakaici, ba yabo ba fallasa. Daga 670 ne ake cewa maki ya yi kyau. Kashi 35 na makin daga tarihin biya yake fitowa, kashi 30 daga yawan bashin da ke kan mutum. Na farkon ba ni da yadda zan yi da shi sai haƙuri, amma na biyun yana hannuna. Da kuɗin rarar harajin da gwamnati ke mayar wa mutum suka shigo a ƙarshen Fabrairu, na biya katin ya sauko zuwa dala 90. Wani abu da ban sani ba sai da Kawu ya faɗa mini: ba ranar biya ce abin lura ba, ranar da kamfanin kati ke rufe lissafin wata ita ce, domin adadin ranar ne yake aika wa kamfanonin rahoto. Na biya kwana uku kafin ranar. Batun na'urar intanet kuwa, Allah ya taimake ni maiɗakina ba ta zubar da takarda. Ta tono rasit ɗin mayarwa a cikin wata tsohuwar ambulan, na shigar da ƙorafi wurin kamfanonin rahoto tare da hotonsa. Doka ta ba su kwana 30 su bincika, a rana ta ashirin da wani abu aka goge bashin.

Shiga yuniyon ɗin bai yi wuya ba. Kowace tana da sharaɗin wanda zai iya zama mamba, wata ta ma'aikatan wani wuri ce, wata ta mazauna wani yanki. Wadda na zaɓa tana karɓar duk mai zama ko aiki a gundumar Harris. Na je reshensu ranar da ba ni da aiki, a makon farko na azumi, da lasisin tuƙi da katin soshiyal da takardar wutar lantarki mai adireshina. Na buɗe asusun ajiya da dala 5, wadda ita ce hannun jarina na mamba, na kuma buɗe asusun yau da kullum. Minti arba'in aka gama. Aka ce in jira jami'ar rance, na jira kamar rabin awa. Mace ce mai ɗan shekaru, kuma abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ta juyo da fuskar kwamfutarta ta yadda ni ma ina ganin abin da take gani. Kafin ta taɓa komai ta gaya mini cewa binciken da za ta yi mai barin alama ne a rahoto, ta tambaye ni ko na yarda. Na yarda. Makin ya fito 641. Ta tsaya a kan makarar 2022 ta tambaye ni abin da ya faru, na gaya mata rasuwa ce aka yi mini. Ta yi mini ta'aziyya, ta ce in rubuta bayanin a layi uku in sa hannu, za ta haɗa da takarduna zuwa wurin masu yanke hukunci.

Sai maganar samu. Albashina dala 20 ne a awa, wato kamar 3,467 a wata kafin a cire haraji. Na so a haɗa da kuɗin ƙarin lokaci da nake samu, ta ce a wurinsu ba sa lissafa shi sai ya daɗe yana zuwa ba yankewa. Na kawo maganar ɗan abin da maiɗakina ke samu daga kitso da girkin suna, ta ce duk kuɗin da ba shi da takarda ba za su iya dogara da shi ba. Ta haɗa hayar gida dala 1,150 da mafi ƙarancin biyan kati da abin da motar za ta riƙa ci, ta raba da albashina, ya tashi kashi arba'in da wani abu, ta ce yana bakin iyaka amma bai tsallake ba. Ta nemi takardun albashi biyu na baya-bayan nan, da fom ɗin W-2 na 2023 mai nuna albashin shekara da harajin da aka cire, da takardar hayar gida, da sunayen mutum biyu da suka san ni. Takardar hayar ban zo da ita ba, kuma adireshin da ke takardar albashina na tsohon gida ne, ban taɓa gyarawa a wurin aiki ba. Wannan ɗan sakaci ya ci mini kwana huɗu, sai da ofishin ma'aikata ya ba ni wasiƙa mai sabon adireshi.

Kwana biyun da na yi ina jiran amsa bayan na kammala takardu sun yi mini tsawo. Kowane lokacin hutu a wurin aiki sai na duba waya. Ranar Alhamis bayan la'asar ta kira. An amince mini har dala 13,000, kuɗin ruwa kashi 11.49 a wata 48, kuma za a rage 0.25 in na yarda a riƙa cira kai tsaye daga asusuna, ya zama 11.24. In na zaɓi wata 60, ruwan zai ɗan hau. Da sharuɗɗa: motar kada ta wuce shekara goma, kada ta wuce mil 125,000, kada ta zama mai takardar mallakar da aka yi wa tambarin mummunan hatsari ko ambaliya, kuma ba za su ba da fiye da ƙimar da littafin ƙimar motoci na J.D. Power ya yi mata ba. Amincewar kwana 30 za ta yi. Kashi goma sha ɗaya ba ƙaramin ruwa ba ne, masu maki sama da 740 ƙasa da haka sosai suke samu, amma kusan rabin abin da aka yanka mini a Janairu ne. Na karɓi wasiƙar washegari na ninke ta cikin aljihun gaba.

Neman mota da azumi a baki sai da na ji a jikina, amma wannan karon na san abin da nake nema da iyakar kuɗina. Duk motar da na gani a intanet sai in ɗauki lambar jikinta mai harafi da lamba 17, in duba a shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ko akwai gyaran kamfani da ba a yi ba, wannan kyauta ne, sannan in nemi dillali ya turo mini rahoton Carfax, mai nuna tarihin motar. Ta farko da na ɗauka da gaske Camry ce ta 2016, fes da ita, kuɗinta kuma ƙasa da na sa'o'inta. Na ce zan kai ta wurin makanikena, wani bawan Allah ɗan Maraɗi da ke da gareji a kusa da titin Bissonnet. Dala 120 yake karɓa ya duba mota. Bai ma fara da inji ba. But ya buɗe, ya ɗaga kafet, ya ciro safaya, ya sa yatsa a ramin ya shafo busasshen taɓo mai laushi kamar garin lalle. Ya janyo bel ɗin kujerar baya har ƙarshensa, sai ga wani layi ruwan ƙasa a jikinsa, daidai inda ruwa ya tsaya. Ya leƙa ƙarƙashin kujera da tocila, ƙarafan duk sun yi tsatsa. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ta yi iyo. Ko kyauta aka ba ka, wayoyinta za su hana ka barci." Wanda ya san ambaliyar guguwar Harvey ta Agustan 2017 ya san motoci da yawa sun nutse a garin nan, kuma ba kowacce ce tarihinta ya shiga takarda ba. Rahoton wannan motar tsaf yake, babu ko ɗigo. Na mayar musu da ita, dala 120 ta tafi, ban taɓa kashe kuɗin da na ji daɗinsu kamar waɗannan ba.

Ta biyu Corolla ce ta 2017 mai mil 94,000, an sa mata dala 12,900. Makanike ya sake karɓar 120, ya ce inji da giya lafiya lau, sai dai birkin gaba ya kusa ƙarewa, tayoyi biyu kuma sun suɗe. Da takardarsa a hannu na zauna ciniki. Mai sayarwar ya jefo tambayar nan dai ta nawa zan iya a wata, na ce ba maganar wata na zo yi ba, ya rubuta mini kuɗin mota da haraji da komai, adadin da zan biya in fita da ita. Na taya 12,000, ya ce albarka, muka yi ta ja har ya sallama a 12,400. Takardar farko da ya kawo akwai dala 499 na wani maganin fenti da 299 na zanen lamba a gilashi. Na ce a cire, ya ce an riga an yi wa motar. Na miƙe tsaye na ɗauki hulata. Aka cire. Lissafin ƙarshe ya tsaya haka: mota 12,400, harajin jihar Texas kashi 6.25 wato 775, takardar mallaka 33, kuɗin takardun dillali 150, rajista da sauran ƙananan kuɗaɗe 112, jimilla 13,470. Na ba da kafin alƙalami dala 2,000, daga ragowar rarar haraji da kwasar adashen maiɗakina. Abin da zan ranta ya zama 11,470.

Kafin su ba ni takardar cinikin sai da aka shigar da ni ofishin kuɗi, wai ƙa'ida ce. Mutumin ya ce in ba shi dama ya gwada, zai iya samo mini biyan wata da bai kai na yuniyon ba. Na tambaye shi ruwa nawa, wata nawa. Ya ambaci wata 72. Na gode masa na ce a'a. Yana da kyau a san cewa in dillali ya haɗa mutum da mai ba da rance, sau da yawa yana ɗora la'adarsa a kan ruwan da aka ba shi, shi ya sa suke son rancen ya bi ta hannunsu. Ya kawo garanti na dala dubu biyu da wani abu, ya kawo inshorar cike giɓi, wadda ke biyan bambanci in mota ta lalace gaba ɗaya alhali bashin ya fi ƙimarta. Nasu 895, na yuniyon bai kai rabin haka ba. Ban ɗauki ko ɗaya ba, domin bashina yana ƙasa da ƙimar motar. Wanda bai ba da kafin alƙalami ba kuwa ya kamata ya yi tunani a kanta. A gilashin motar akwai takardar da dokar tarayya ta wajabta wa dillalai liƙawa, tawa an yi alama a gurbin da ke cewa an sayar da ita yadda take, ba garanti. Kuma babu wata dokar kwana uku ta mayar da mota in mutum ya sauya ra'ayi, kamar yadda na sha jin ’yan'uwa suna faɗa. In ka sa hannu, ta zama taka.

Inda lissafina ya kusa rushewa shi ne inshora. Tsohuwar motata mafi ƙarancin inshorar da Texas ta wajabta nake yi mata, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani kaɗai. Motar bashi kuwa dole a yi mata cikakkiya, mai biyan karo da sata da ambaliya, a kuma rubuta sunan yuniyon a matsayin mai haƙƙi a kanta. Kamfanina na da ya ce dala 246 a wata. Na kira wasu huɗu, na samu 187, kuma a nan ma makin kiredit yana taka rawa a farashi. Ban saka wannan a lissafina tun farko ba, sai da muka sake zama da maiɗakina muka rage wasu abubuwa. Jami'ar ta gargaɗe ni cewa in na bar inshorar ta yanke, su za su saya wa motar tasu mai tsada su ɗora a kan bashina.

Na tura mata takardar ciniki da shaidar inshora ranar Litinin, ranar Talata na je sa hannu. Ta ajiye mini takardar da doka ta tilasta a nuna wa mai karɓar rance, mai akwatuna huɗu a sama: ruwan shekara, jimillar ruwan, adadin rancen, da jimillar abin da za a biya. Ta nuna mini zaɓi biyu gefe da gefe. A wata 60 zan riƙa biyan dala 254, ruwan ya tashi kusan 3,750. A wata 48 zan biya 298, ruwan kusan 2,820. Bambancin dala 44 a wata, amma sama da 900 a ƙarshe. Na zaɓi 48. Na tambaye ta in na ƙara wani abu a kan biyan wata ina yake tafiya, ta ce ruwansu kullum ake lissafa shi a kan ragowar uwar kuɗi, don haka duk abin da na ƙara yana rage uwar, ruwan gobe ma ya ragu. Aka ba ni ceki da sunan dillali, na kai, na karɓi makulli da lambar takarda ta wucin gadi. Saura kwana takwas Sallah. Lambar ƙarfe ta iso bayan sati biyar, sai da na kira dillalin sau uku. Takardar mallaka kuwa tana hannun yuniyon har ranar da zan gama biya.

In da zan sake, wata biyu kafin in buƙaci mota zan fara, ba ranar da tsohuwar ta mutu ba, domin matsuwa ce ta kusa sa ni sa hannu a kan 21.9. Daga 604 zuwa 641 ba wata dabara na yi ba, kati na biya kafin ranar rufe lissafi, na kuma sa aka goge bashin da ba nawa ba, duk cikin sati shida. Zan gyara adireshina a wurin aiki da lasisi tun da wuri, in tabbatar sunana iri ɗaya ne a ko'ina. Zan nemi farashin inshora da lambar motar kafin in yi ciniki, ba bayan na yi ba. Zan kuma gwada yuniyon biyu ko uku a cikin sati biyu ɗin nan da ake lissafa bincikensu a matsayin ɗaya. Ni guda na gwada, mai yiwuwa da na samu ƙasa da 11.24. Ga sababbin zuwa da ba su da tarihin kiredit ko kaɗan, yuniyon da yawa suna ba da katin da ake ajiye kuɗi jingina kafin a karɓa, da irinsa na fara da dala 300. Ga wanda za a ce ya kawo mai tsaya masa, ya sani cewa wanda ya tsaya ɗin bashin ya hau kansa dungurungum, makara ɗaya za ta ɓata rahotonsu su biyu. Na ga zumuncin da wannan ya raba a cikin jama'armu, shi ya sa ban nemi Kawu ya sa mini hannu ba duk da ya yi tayi.

Tun biyan farko a watan Mayun 2024 nake ƙara dala 50 a kan 298 ɗin. Birki da tayoyi biyu sun ci 410 a watan farko, kamar yadda makanike ya faɗa, bayan su sai canjin mai kawai. Jami'ar ta ce in na cika wata goma sha biyu ban makara ba, in koma a sake duba makina, in ya haura 670 za a iya sauya rancen a rage ruwan. Ko ba a rage ba, da ƙarin hamsin ɗin nan lissafina ya nuna zan gama a wata 40 maimakon 48, in tsira da kusan dala 500 na ruwa, wato wajen Agustan 2027 in Allah ya kai mu.